Wuyana da Allura Ashirin da Uku

Waɗanda muka yi ND 2 tare a sashen gine-gine ba su manta sunan da suka laƙaba mini ba: Abautan. Dalili kuwa, in aka kira ni daga baya ba na iya waiwayawa, sai dai in juyo da jikina ɗungurungum kamar kurtu a filin fareti. Har sallamar salla haka nake yi, ƙirji da kafaɗa su tafi dama su dawo hagu, na kusa da ni a sahu yana danne dariya. Wata bakwai na yi a haka. Ban so ba da wannan labari ba, don wautata ta yi yawa a ciki. Amma makon jiya na leƙa wani ɗaki a hostel na tarar da ɗalibi kwance ruf da ciki, ɗan ɗakinsu yana zuƙo ruwan allura a sirinji, wai ya bugu a wajen ƙwallo. Na tsaya a bakin ƙofa na rasa ta inda zan fara, na yi musu sannu na wuce. Abin ya hana ni barci, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ɗan Shinkafi ne, amma ciwon a hanyar Zurmi na samo shi. Wata Lahadi muka je ɗaurin auren yayan wani abokina. A dawowa mota ta yi wuya, ga la'asar ta yi, kowa kuwa ya san ba a son yamma ta riski mutum a wannan hanya. Sai muka hau kabu-kabu, mu biyu a bayan mai mashin. Mun yi nisa sai ga wasu masu mashin sun taho a guje suna ɗaga hannu: “Ku koma! Sun hito!” Mutumin namu bai ko rage gudu ba ya murɗa kai zai juya, tayar gaba ta nutse cikin yashi. Abin da na sani kawai na tashi sama, kaina ya yi baya ya dawo gaba kamar an kaɗa bulala, na sauka a kan kafaɗa. Na miƙe na yi gudun da ban taɓa yin irinsa ba. Daga baya aka ce babu kowa a hanyar, ƙura wani ya hango. Na duba jikina ko ƙwarzane babu, na yi ta hamdala.

Da asuba na zo ɗaga kai daga filo sai ya ƙi. Wuyan ya sandare, zafi yana tasowa daga ƙeya ya gangara har tsakanin kafaɗu. Abokai suka kai ni wajen wani maɗori a cikin garin Ƙaura. Dattijon ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Ya shafa man shanu, ya kama haɓata da ƙeyata ya ja, ya murɗa, na ji ƙas, na yi ƙara. Ya ce shi ke nan ya koma. Ba na raina maɗora, na ga hannun ƙanena da suka ɗora ya warke sumul. Sai dai yanzu da na san abin da ke cikin wuya, in na tuna wannan murɗar ba tare da an ɗauki hoto ba, sai tsigar jikina ta tashi.

Sati biyu ba sauƙi, ga lakca, ga zanen taswira da ake yi a sunkuye awa uku. Nan ne wani ya nuna mini wani kemis. Mai shagon mutum ne mai fara'a, kowa Dakta yake ce masa. Ya saurare ni, ya ce, “Injiniya, wanga ai ƙaramin abu ne. Haɗi za ni yi maka, kahin ka kai gida ka manta da shi.” Ya fasa 'yan kwalabe biyu, ya zuƙe a sirinji ɗaya, muka shiga bayan labule, ya tsira mini a mazaunai. Ya ƙulla mini wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a leda, babu kwali babu suna, ya ce biyu da safe biyu da dare.

Gaskiya ɗaya ce, bai yi ƙarya ba. Kafin in kai bakin get na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Ranar na yi barcin da na yi sati biyu ban yi ba. Duk wanda zai yi muku wa'azi a kan allurar kemis ya ɓoye wannan daɗin, to bai taɓa ciwo ba. Matsalar ita ce bayan kwana huɗu ko biyar zafin ya dawo inda yake, har da ƙari, don a kwanakin da ba na jin komai na koma ɗaukar jarkar ruwa da kwana a kan zane kamar mai lafiya. Sai in koma bayan labule. Na riƙa rubuta kwanan wata a bayan wani handawut don lissafin bashin da Dakta ke bi na. Da na ƙirga daga baya, allura 23 ce cikin wata huɗu. Kuɗin da Baba ke aiko mini na abinci, kusan rabi can yake tafiya.

Ba zan ɗora wa mai kemis laifin duka ba. Lasisin ƙaramin shagon magani bai ba mai shi izinin yi wa mutane allura ba, wannan haka yake. Amma mu da muka fito daga Shinkafi, Zurmi, Moriki da ƙauyukan da ke kewaye mun san yadda abin yake. Asibitin kusa cike yake da yara masu tamowa da mata masu naƙuda da waɗanda aka harba, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo tana taimakawa a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi. Wa zai tsaya kan saurayin da ya zo da ƙafarsa yana cewa wuya? Zuwa Gusau kuma sai an yi lissafin kuɗin mota da na hanya. Mai kemis yana nan a unguwa, yana ba da bashi, ya san sunanka. Kuma mu ne muke zuwa da buƙatar. In ya ba mu ƙwaya kaɗai sai mu ce bai iya aiki ba, mu koma shagon gaba.

Wannan son allurar a gida na sha shi. Innata in ta je asibiti aka rubuta mata ƙwayoyi, dawowa take tana faɗa: “In ba a yi ma mutum allura ba, to mi anka yi mai?” A ganina tana da uzuri. Tsararsu sun ga allurar fenisilin ta tashi mutanen da aka fid da rai da su, sun ga ta zazzaɓi ta sauke jikin yaro a dare ɗaya. Daga nan aka ɗauka duk abin da ya bi ta tsinin allura ya fi ƙarfi, kuma kowane ciwo yana da tasa allurar, sai dai in ba a dace da mai ita ba.

Da na je hutu gida mutane suka yi ta yaba ni. “Kai, Poly ta karɓe ka, dubi kumatu!” Fuskata ta cika ta yi zagaye kamar faifai, ƙuraje sun feso a baya, ina ci kamar gara, amma ƙafafu na nan sirara. Inna ta ji daɗi. Ni ma na ji. Kawuna ya kawo wanzami ya yi mini ƙaho shida a ƙeya da kafaɗu, aka nuna mini baƙin jini a kasko aka ce ga ciwon nan ya fita. Tabon na nan har gobe. Cikina kuma ya fara zafi, musamman tsakar dare, kamar an zuba barkono a ƙahon zuci. Da na gaya wa Dakta bayan hutu, cewa ya yi yunwa ce. Ya ƙara da cewa in haɗin ya daina kama ni akwai wata mai ƙarfi, penta. Allah ya taimake ni na taɓa ganin wani a garinmu da penta ta kama, cinyoyinsa sun taurare kamar itace, duk gyambo, yana bin shaguna yana roƙo. Na ce a'a. Wannan kaɗai ce dabarar da na yi a wata huɗun nan.

Yanzu ga inda na fi jin kunya. Akwai abokina ɗan SLT, muna ce masa Farfesa don ba ya rabo da bincike a waya. Wata rana ya zo da murna ya nuna mini bidiyo a YouTube: wani likita a Amurka yana tsira wa wata mata allurai a bayan wuya, ita kuma tana ba da shaidar ta warke daga ciwon shekara da shekaru. Sunan abin furolotarafi. Farfesa ya zauna ya yi mini bayani tiryan-tiryan, kuma da na bincika daga baya bayanin nasa daidai ne. Wani likitan tiyata Ba'amurke, George Hackett, shi ya yaɗa hanyar a shekarun 1950. Tunaninsa shi ne, jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ba su samun jini sosai, shi ya sa in sun saki ko sun ɗan yage suke daɗewa ba su warke ba. To sai a tsira musu ruwan sukari mai kauri, wanda ake kira dekstros, haɗe da maganin kashe zafi, daidai inda jijiyar ta manne da ƙashi. Wurin zai ɗan kumbura, jiki ya ɗauka sabon rauni ne, ya aiko da kayan gyara. Wato a tsokani jiki don ya tashi aiki.

Maganar ta shige ni, don ta yi kama da hankali. Ga shi a can dala ɗaruruwa ake biya kowane zuwa, mu kuwa dekstros yana nan a kemis da araha. Farfesa ya ce, “Sukari ne fa kawai, mutumina. Ko bai yi amfani ba, mi zai yi maka?”

Daren wata Alhamis ya zo ɗakinmu da kayansa a leda: dekstros, ruwan haɗa allura, lidoken, sirinji sabo, auduga da sifirit. Na cire riga na zauna a kan bokiti na kifa goshi a bakin gado. Ya goge mini ƙeya, na ji sanyin sifirit. Sai aka ɗauke wuta. Ɗan ɗakinmu ya haska fitilar waya. Ina jin yatsan Farfesa yana yawo a bayan wuyana, ya danna nan, ya danna can, yatsan na rawa. Can ya ce, “Tsaya in sake kallon bidiyon, ban gane ko a nan ne ko ƙasa kaɗan ba.” Wannan kalma ta “ƙasa kaɗan” ita ta tashe ni. Na miƙe na sa rigata na ce a bari sai da safe. Bai yi musu ba. Ina jin ajiyar zuciyarsa ta fi tawa ƙarfi.

Safiyar ba ta zo ba, don kwana uku bayan haka, ana saura sati a fara jarrabawa, na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, na fito jiri ya kwashe ni a bakin famfo. Nas ɗin da ta fara duba ni ta ja fatar idona ta ƙasa, ta kalli fuskata, ta ce, “Me kake sha?” Na miƙa mata ledar ƙwayoyin. Ta ce in kira gida yanzu, Gusau za a wuce da ni.

A asibitin tarayya na Gusau na kwana huɗu. Likitan da ya karɓe ni bai yi mini faɗa ba, tambaya kawai ya yi ta yi, na ba shi handawut ɗin ya ƙirga da kansa. Ya ce haɗin nan diklofenak ne da deksa, fararen ƙwayoyin ma dangin deksa ne. Diklofenak yana kashe zafi da kumburi, amma in aka daɗe a kansa yana cin bangon ciki ya kuma taɓa ƙoda, ko ta baki aka sha ko ta allura, don ta jini yake bi. In aka haɗa shi da deksa haɗarin gyambon ciki ya ƙaru. Baƙin bayan gidan nan jini ne. Kumatun da ake yabo kuma aikin deksa ne: yana tara kitse a fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya rage ƙarfin ƙashi da garkuwar jiki. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce ba zai tsayar mini da shi rana ɗaya ba, don jikina ya saba ana ba shi daga waje har ya rage yin nasa. A hankali aka riƙa ragewa cikin makonni.

Sai a lokacin, wata biyar da faɗuwa, aka ɗauki hoton wuyana: a tsaye, a sunkuye, da kuma kai a baya. Ya ɗaga hoton ya ƙirga mini ƙasusuwa bakwai, babu karaya babu gocewa. Da ya ji abin da nake karanta sai ya ce, “Ka san wayar da kuke ɗaure rodi da ita? To ita ce ta ɗan saki, tsokar da ke kewaye kuma ta ƙanƙame don ta kare wurin. Kai kuma ka daina motsa shi gaba ɗaya, sai ya ƙara sandarewa.”

Na yi ta maza na ba shi labarin daren Alhamis. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya jawo wani ƙashin wuya na roba da ke kan teburinsa ya nuna mini ramin tsakiya inda laka ke bi, da wasu ƙananan ramuka a gefe inda jijiyoyin jini biyu ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, da gindin wuya inda saman huhu ke leƙowa. Ya ce, “Malam, tsakanin inda abokinka ke nema da waɗannan, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Lidoken in ya shiga wannan jijiyar, kafin ya zare allurar ka fara farfaɗiya.” Na ce, “Ranka ya daɗe, to ita allurar wuyan ƙarya ce ke nan?” Ya ce a'a. Akwai allurai na gaske da ake yi wa masu ciwon wuya: wadda ake tsirawa a ƙullin tsoka, da wadda ake kaiwa ƙananan gaɓoɓin ƙashin wuya, da wadda ake sawa kusa da laka in jijiya ta matse har hannu na sagewa. Masu zurfin ƙwararru ke yi, suna kallon tsinin allurar a na'urar hoto, bayan an gwada sauran hanyoyi. Ko su ɗin ma, yawanci sauƙin makonni ko watanni suke sayo wa mutum don ya samu damar motsa jiki. Nawa ciwon bai kai nan ba.

Da na samu lafiya na bi diddigin maganar, don Farfesa ya koya mini bincike ko ba komai. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta yi gargaɗin cewa allurar dangin deksa da ake yi kusa da laka tana iya jawo makanta, shanyewar jiki ko mutuwa, ko da yake ba kasafai ba. Shekara biyu kafin nan, a 2012, wani kamfanin haɗa magani a jihar Masacusets ya rarraba irin wannan ruwan allura da funfuna a ciki, mutum sama da 750 suka kamu, da yawansu da sanƙarau, fiye da 60 suka mutu. Wannan a asibitocin da ke da wuta da na'ura ke nan, ba a kan bokiti da fitilar waya ba. Ita kuwa allurar sukarin, har yau likitoci ba su haɗu a kanta ba. Akwai binciken da ya nuna tana ɗan taimaka wa ciwon gwiwa, amma a ciwon baya da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, ita kaɗai ba ta nuna wani fifiko ba, a wuya kuma hujjar ta fi ƙaranci. Masu bidiyon ba su faɗi wannan, don su ne masu sayarwa.

Maganin da aka ba ni ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. An tura ni sashen gashi, na tarar da wata Hajiya mai gilashi. Na zaci na'ura za ta jona mini. Sai ta ce in zauna in ja haɓata baya kamar kunkuru zai shige ƙoƙonsa, in riƙe, in saki, sau goma. In juya kai dama har inda zafi ya fara, in dawo. In tura goshi a tafin hannu ba tare da kan ya motsa ba. Tawul da ruwan ɗumi safe da yamma. Filo ɗaya, ba biyu ba. Na ce, “Hajiya, shi ke nan?” Ta ce, “Shi ke nan, ɗana, in za ka yi.” Ta karɓi wayata ta ce in nuna mata yadda nake karanta handawut a ciki, na sunkuya. Ta ce kan mutum ya kai kilo biyar, in aka sunkuyar da shi haka nauyin da wuya ke ji yana ninkawa sau da yawa, ni kuma a haka nake wuni. Ta kuma ja kunnena: in na ji hannu na sagewa, ko biro na faɗuwa daga yatsuna, ko ƙafa na harɗewa, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarar wuya, kada in tsaya motsa jiki, in taho asibiti a ranar.

Jarrabawa biyu na rasa a wannan samista, sai da na sake su. Sati uku na farko ban ga wani canji ba, sau biyu ina kama hanyar shagon Dakta ina dawowa. Kumatun suka zube, aka koma yi mini sannu ana tambayar ko lafiya. Wajen sati na shida na lura na waiwaya na amsa kiran wani ban juya kafaɗa ba. A wata na uku na koma zane, amma ina tashi duk bayan rabin awa. Ban warke sarai ba. In hunturu ya shigo, ko na yi doguwar tafiya a mota kan hanyar Shinkafi, wuyan yana tuna mini. Ciki kuma har yanzu ba ya son yaji. Farfesa yana HND yanzu, shi ya fara karanta wannan rubutu, ya ce in saka komai amma ban da sunansa.

Hutun da ya wuce ina salla a tsakar gida, Inna na zaune tana tsince shinkafa. Na yi sallama dama, na yi hagu, da wuya kaɗai. Ta ajiye faifan ta ce, “Ɗan nan, ka warke! Wace allura ce anka yi maka Gusau?” Na ce, “Inna, ko ɗaya ba a yi mini a wuya ba. Motsa shi aka ce in yi.” Na nuna mata na kunkurun, don ita ma ƙeyarta ta daɗe tana damunta, shekara talatin tana ɗaukar tulu. Ta gwada sau biyu, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ba ta wasan yara. Da yamma ina ɗaki na ji ta ta kan katanga tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa akwai wata allura Gusau mai kyawon gaske, ɗanta dai ya ɓoye mata sunan don kada ta ce a kai ta.